Kawu, Wanda Aka Taɓa Binnewa a Silima

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya riga mu.

Da hantsi ya faɗi a unguwar Misfala a nan Makka, a bakin shagon mai tamis, wato faffaɗan burodin nan, da ledar burodi a hannunsa. Kafin labari ya hau dutse ya iso gidanmu, motar asibiti ta ɗauke shi. Ba takarda a aljihunsa, don bai taɓa mallakar takardar zama a garin nan ba. Mai shagon ne ya aiko mana da takalminsa ƙafa ɗaya, ya ce abin da ya rage a wurin ke nan.

Kafin azahar gida ya cika. Na sha ganin zaman makoki a Makka, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum zai shigo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Mu ce, "Da godiya." Sai ya ce, "A wace salla aka sallace shi? Ban samu labari ba." Ba a sallace shi ba. Yana cikin tallajar asibiti, wato firjin da ake ajiye gawa, an rubuta masa majhul: ba a san ko wane ne ba.

Wani tsoho Basakkwace mai tura keken alhazai ya ɗaga hannu yana addu'a. Da ya kai wurin "Allah ya haskaka kabarinsa," sai ya tsaya, ya duba hannuwansa, ya sauke su. Wani magini ya ce, "Mutumin da ya wanke rabin mazan unguwar nan, shi ne yau ba mai wanke shi?" Aka ce ya yi shiru. Malamin unguwa ya zo, ya zauna daf da bakin ƙofa, bai shiga ciki ba. Shi da Kawu sun daɗe ba sa magana.

Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba. Ta sa aka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, aka buɗe taga, zafi ya shigo ya zauna tare da mu. Wata maƙwabciya ta tashi za ta tura ƙofa saboda ƙuda. Inna ta ce, "Bar ta. Ba a rufe ƙofa a gidan nan."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Surukin Kawu, mijin 'yarsa, shi ke rubuta wannan ina faɗa masa, na kuma ce kada ya ƙara gishiri. Ina so a san wane ne aka rubuta wa majhul.

Ga yadda abin yake, don wanda ba ɗan nan ba ya gane. Ba a fitar da gawa daga tallaja sai dangi ya je ya tsaya ya ce tawa ce, ya ɗora yatsa a kan na'ura. In mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya je, za a tambaye shi yadda aka yi ya zauna da marar takarda shekara da shekaru bai faɗa ba. In marar iƙama ya je, ya kai kansa, sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi. In ba wanda ya je, hukuma za ta binne shi da kanta, amma sai ya kwana a ciki wata da watanni. Da wani ne, da mun ce a yi haƙuri, ai gawa ba ta jin sanyi. Amma Kawu ne.

Kawu ba ya shiga lif. In an kira shi bene mai tsawo, matakala yake bi, yana hutawa yana hawa. Banɗakin gidansa labule ne, ba ƙyaure. A kan rufin gida yake kwana, zafi da sanyi. Kuma duk abin da ke da murfi, in ya wuce kusa da shi, sai ya ƙwanƙwasa: kabad, tankin ruwa, akwatin kayan alhazai, but ɗin motar da aka ajiye a bakin hanya. Ya buga da bayan yatsunsa, ya karkata kai, ya saurara, sannan ya wuce. Bugun iri ɗaya ne kullum, da sauri da farko, sai ya ja, kamar hannu ya gaji. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san bugun nan kamar yadda ya san tarin mahaifinsa.

Wata rana a Rusaifa ya buga but ɗin wata mota, mai motar ya fito daga shago yana ihu, "Ya takruni, ya majnun!" Wato baƙin mutum, mahaukaci. Har ya haɗa da kalmar nan ta bawa. Na dunƙule hannu. Kawu ya riƙe ni, ya ce, "Rabu da shi. Na ji ta da Faransanci tun kafin a haife shi. Ta fi ma daɗi da Larabci."

Aikinsa na ci da kai ɗinkin takalma ne, amma ba da shi aka san shi ba. Shi ke taimakawa a ɗakin wankan gawa na masallacin unguwa. Kafin ya taɓa ruwa sai ya kwantar da kunnensa a ƙirjin mamaci, ya daɗe. Sannan ya kira shi da sunansa ya ce, "Ni ne. Zan wanke ka. In kana ciki, ka motsa." Ya jira. Dangin mamaci da yawa sun fita daga ɗakin da gudu saboda wannan jiran. Amma in mutuwa ta sake zuwa gidansu, shi suke kira.

Bai yarda a ɗauke shi hoto ba, ko a biki. In ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya.

Na daɗe ina ɗauka taɓin hankali ne na tsufa, har shekarar da muka yi faɗa a hanyar Arfa.

Lokacin aikin Hajji ne. An ce ana neman masu shara da masu ɗaukar ƙanƙara a Arfa, mu kuwa ba mu da takardar wuce shingen askar, wato jami'an tsaro. Wani direba ya ce zai shigar da mu cikin motar sanyi mai ɗaukar nama, ya rufe, ya wuce da mu. Mutane suka fara hawa. Na sa ƙafa ɗaya, Kawu ya damƙi rigata ta baya.

Na ce, "Sake ni, Kawu."

Ya ce, "Ƙofar nan daga waje ake buɗe ta."

Na ce, "To sai me? Na ƙetare sahara, na ƙetare teku, motar nama ce za ta cinye ni?"

Ya ce, "Sahara tana da murfi?"

Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu. Bai sake ni ba har rigar ta yage, direba ya gaji ya rufe ya tafi. Muka bi duwatsu da ƙafa, ina gaba ina huci, yana baya da gorar ruwa. Da rana ta take muka fake a gindin wani dutse. A nan ya ba ni labarin, sau ɗaya, bai ƙara ba.

Ya ce yana saurayi yake yi wa wani Bature kuku a Damagaram. Da Baturen zai koma gida ya tafi da shi. Wani ɗan ƙaramin gari ne a Faransa: coci ɗaya, kogi ɗaya, baƙin mutum ɗaya. In ya shiga gidan burodi, matar ba ta miƙo masa, sai ta ajiye a kan tebur ta turo da bakin wuƙa. In ya zauna a benci, na kusa da shi ya tuna yana da aiki.

Sai masu silima suka zo garin. Za su yi fim a kan yadda mutanen ƙananan garuruwa ke ƙin baƙar fata. Labarin fim ɗin shi ne, baƙo ya zo aikin gona, shanu suka fara mutuwa, aka ce shi ne, aka kashe shi a bakin kogi, gari ya haɗa baki aka binne shi. Mai fim ɗin ya ga Kawu a kasuwa ya rungume shi yana kiransa ɗan'uwa. Ya ce ba zai ɗauko 'yan wasa da yawa daga birni ba, mutanen garin zai sa, don abin ya fito kamar gaske.

Kawu ya ce, "Ya kuwa fito. Ba sai an koya musu yadda za su dube ni ba."

Kafintan garin ne ya auna shi yana tsaye, don ya yi akwatin gawa. Yana aunawa yana ce wa abokansa wannan ne kaɗai mai akwatin da zai iya cewa ya matse shi, suna dariya. An shirya cewa za a ɗora murfi kawai, a huda gefe don iska. Aka haƙa rami na gaske a gefen maƙabartar coci. Kawu ya kwanta, aka ɗora murfi. Sai ya ji guduma. Ƙusa ta gaske, doguwa. Ya lalubi gefe da yatsa, ba huda.

Aka zura shi da igiya. Mutanen gari suka jeru, kowa ya ɗebi ƙasa ya watsa. Numfashi ya fara yi masa wuya, ya fara bugawa. Ya ce yana jin muryar mai fim daga sama yana cewa a ci gaba, ya yi kyau, a ci gaba. Daga nan ƙararrawar coci ta kaɗa tsakar rana. Ya ji ƙafafu suna nisa.

Ya ce, "Bature ba ya wasa da abincin rana."

Na ce, "Mantawa suka yi?"

Ya ce, "Daga baya kowa ya ce ya ɗauka wani ya fid da ni. Wasu mantawa suka yi. Wasu ba su manta ba."

Wata tsohuwa ce ta zo sauya ruwan furanni a kabarin mijinta. Ita ma ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba tunda ya zo garin. Ta ji bugun. Ta ɗauki shebur ɗin da aka bari, ta sauka ramin da tsufanta, ta yi ta ɓanɓarar murfin har ya ɗago. Ta cire ɗankwalinta ta goge masa fuska, ta fita, ta koma wurin furanninta.

Bai ƙara mako a ƙasar ba. Bai kuma zauna a gida ba, ya yi ta tafiya har ya iso Makka, don ya ji a nan ba a sa mamaci a katako.

Ya duba bayan hannunsa ya ce, "Na fito, amma ban fito duka ba. Akwai wanda na bari a ciki, har yau yana bugawa. In na wuce akwati, ina amsa masa ne." Sannan ya ce, "Kai, in na mutu kada ku bar ni a akwati, ko na wane ne. Kuma in kun sa ni a rami, kada ku tafi cin abinci."

Na ce to, don dai mu tashi. Da muka isa Arfa muka ji motar naman ta maƙale a layin bincike, an kashe inji, rana ta yi ta dukanta. Ba duka suka fito da ƙafafunsu ba. Kawu bai ce mini "ka gani" ba. Ya ɗinke mini rigar.

Tsohuwar nan ce sanadin faɗansa da Malam. Bayan kowace salla Kawu yakan ce a fili, "Allah ka jiƙan tsohuwa mai furanni." Malam ya tambayi ko wace ce, aka gaya masa. Ya kira Kawu a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ba a roƙa wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara. Ba ni na faɗa ba."

Kawu ya ce, "Malam, ka taɓa shiga kabari?"

Malam ya ce, "A'a, sai ranar da Allah ya yi."

Kawu ya ce, "Ni na shiga. Ba malami ne ya fid da ni ba."

Daga ranar ya koma sahun baya, yana addu'arsa a hankali, amma kowa ya san abin da bakinsa ke faɗa.

To, mu koma zaman makoki. Kwanaki suka fara wucewa, masu gaisuwa suna zuwa suna komawa, ba wanda ya je asibiti. Surukin Kawu yana da iƙama, yana tuƙa wa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, mota, yana da yara a makaranta. Ya ji tsoro. Yana rubutawa yanzu, na ce ya rubuta haka, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yar Kawu a nan aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi a baki. Wata la'asar ta fashe da kuka ta ce, "Ma fi sura? Ko hoton Baba ɗaya babu? Shi ke nan, kamar ba a taɓa yinsa ba?"

Mijinta ya sunkuyar da kai ya ce akwai. Shi ɗan Maraɗi ne, ya yi lakwal, wato bokon can, yana jin Faransanci. Kawu ya taɓa suɓutar baki ya faɗi sunan garin, shi kuma ya bincika a waya ya samo fim ɗin. Ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba.

Aka jingina wayar da fulas ɗin shayi. Mutane suka matso, har Malam ya baro bakin ƙofa. Suruki yana fassara mana.

Ga Kawu ya sauko daga motar haya da jaka a kafaɗa, dogo, siriri, yana murmushi. Inna ta kai fuskarta kusa da wayar ta ce, "Ashe ya taɓa yin gashi." Aka yi dariya, dariyar farko tun rasuwar. 'Yarsa tana taɓa gilashin tana cewa, "Abuya, abuya." Muka ga ana turo masa burodi da wuƙa. Muka ga wani mai gemu a gidan giya yana magana, jama'a na gyaɗa kai. Aka ce, "Me ya ce?" Suruki ya ce, "Ya ce tunda wannan ya zo, ko madara ta sauya ɗanɗano." Magini ya yi tsaki ya ce, "Haka matar kafilina take cewa."

Aka kashe shi a bakin kogi. Inna ta kau da kai. Sai wurin binnewa.

Ga akwati ana zura shi. Ga mutanen gari cikin baƙaƙen kaya, kowa na watsa ƙasa. Ba kiɗa, ba magana, sai faɗuwar ƙasa a kan katako. A ƙarƙashin wannan muka ji shi. Da sauri da farko, sai ya ja.

Ba wanda ya tambayi ko mene ne. Suruki ya ce da ya kalla shi kaɗai ya ɗauka cikin sautin fim ne, da gangan aka sa. Ban sani ba ko masu fim ɗin ba su ji ba ne, ko sun ji ya yi musu daɗi suka bar shi. Fuskokin masu watsa ƙasar dai na gani. Wata mata ta ɗan tsaya da ƙasa a hannu, ta dubi ramin, ta dubi na kusa da ita, sannan ta watsa.

Basakkwacen ya tashi ya fita, ya bar takalmansa. Suruki ya taɓa wayar, hoton ya tsaya.

Inna ta ce, "Kashe shi."

Ya ce, "Na kashe, Inna."

Ta ce, "To me nake ji?"

Muka kasa kunne. La'asar ce, ana jin motoci daga ƙasan dutse, ana jin firjin gidan yana gurnani a kusurwa. Ba zan ce na ji ba. Ba zan ce ban ji ba. Inna ta tashi ta zare wayar firjin daga bango, ta buɗe ƙofarsa ta bar ta a buɗe, ruwa ya yi ta ɗiga a ƙasa.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Tsohuwar da yake faɗa, tana ciki?"

Suruki ya ce ba ta ciki. Ya kai ƙarshen fim ɗin inda sunaye ke hawa, ya karanta su duka. Akwai sunan kafinta. Akwai sunan karen da ya fito a gona. Wurin Kawu kuwa an rubuta baƙin mutum, ba suna.

Malam ya ce, "Tsohuwar nan, Allah ya san ta."

Daga ranar Inna ta daina cin abinci. In an miƙa mata sai ta ce, "Yana bugawa, ni ina ci?" Tana da ciwon suga. Washegari na same ta ta sa abaya tana neman takalmi. Ta ce asibiti za ta. Matar da ta bar gida tun tana amarya, ba ta da kowa a can, in an sa ta a jirgi ko hanyar gidan ubanta ba za ta gane ba.

Na ce, "Zauna, Inna."

Ta ce, "Za su kama ka."

Na ce, "Ai ni ya ce wa kada a bar shi a akwati."

Ba ni da mata a nan, ba ni da ɗa. Abin da za a karɓe mini Makka ce kawai. Ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ke nan.

Malam ya ce zai raka ni. Shi yana da takarda.

Ma'aikacin da muka samu a teburi ya ce, "Iƙama?"

Na ce, "Ma fi." Wato babu.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce da Larabci, "Ka san abin da kake yi?"

Na ce na sani. Na ɗora yatsa. Aka yi ta tambayoyi, Malam yana amsa wanda ban gane ba. A ƙarshe ya tsaya mini, ya sa hannu cewa zai kawo ni tarhil da kansa, a bar ni in binne kawuna.

Aka sauka da mu ƙasa. Ɗaki ne mai sanyi, bango guda duk ƙofofin ƙarfe ne ƙanana, wata kan wata. Mai aikin wurin ya kama hannun wata zai ja. Na ce ya dakata. Na buga da bayan yatsuna, na ce, "Kawu, ni ne." Mutumin ya ja da baya yana kallona. Na jira. Sannan na ce ya ja.

Gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Fuskarsa lafiya lau. Hannunsa na dama a dunƙule yake, fatar gaɓoɓin yatsun ta saɓule. Mai aikin ya ga ina duba, ya ce faɗuwa ce, a kan titi ya ji ciwon. Wataƙila.

Ni na wanke shi, Malam na zuba ruwa. Na kwantar da kunnena a ƙirjinsa kamar yadda yake yi, na faɗi abin da yake faɗa, na jira. Malam bai hana ni ba.

Aka sallace shi a Harami bayan azahar, cikin jerin makara, tsakanin mutanen da ban san ƙasarsu ba, kowa da farin zane iri ɗaya. Aka kai shi maƙabarta. Kaburburan nan gefensu siminti ne, ƙasansu ƙasa ce, a rufe da allunan siminti. Kawu ya san haka, ya taɓa cewa wannan ba komai, tunda ba ƙusa. Na sauka na kwance ƙullin likkafanin, na ɗora kuncinsa a kan ƙasa. Aka jera allunan, aka toshe, aka yi addu'a.

A Makka ba a daɗewa a maƙabarta, ga rana. Nan da nan mutane suka nufi mota. Magini ya ce mini, "Mu je, an aiko da shinkafa gida." Na ce su tafi. Malam ya kai bakin hanya, ya tsaya, ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da ni da sabuwar rigarsa. Suruki ma ya dawo.

Na ɗora kunnena a kan kabarin. Ƙasar ta ƙone ni, har yau wurin bai warke ba. Mai gadi ya zo ya ce mu tashi, Malam ya ce masa muna da sauran aiki. Muka zauna har inuwar katanga ta iso mu, har aka kira la'asar.

Shiru. Ba komai a ciki sai shiru.

Da muka hau dutse muka sami Inna ta mayar da wayar firji, ta rufe shi, tana cin tamis da shayi. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce, "Ya daina." Ƙofar gida dai tana nan a buɗe.

An ba ni 'yan kwanaki in sallami mutane, sun kusa ƙarewa. Malam zai raka ni kamar yadda ya yi alkawari. Na yi ɗawafi, na sha zamzam har na ƙoshi.

Abu ɗaya ya rage. Na ce da suruki ya goge fim ɗin. Ya ce zai iya gogewa daga wayarsa, amma ba daga duniya ba. Yana nan a ajiye, duk wanda ya taɓa, za a sake zura akwatin, a sake watsa ƙasa. Tsohon da muka binne ya huta. Saurayin can mai gashi bai huta ba, kuma ba shebur ɗin da zai kai gare shi.

Bakina ba ya iya faɗin sunan fim ɗin, ba na kuma son a je a nema don kallo. Amma in wata rana kun ci karo da wani tsohon fim na Faransanci, ƙaramin gari, coci da kogi, ana binne baƙin mutum marar suna, ku rage surutu ku saurara. In kun ji bugu daga ramin, ba sautin fim ba ne. Mutum ne, ɗan Damagaram, mai ɗinkin takalma, mai wankan gawa, mijin Inna, kawuna. Ku ce masa, "Mun ji ka." Kada ku tashi sai ya daina bugun.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa iska a ciki. Tsohuwa mai furanni kuma, Allah ya san ta.